Idan Murjani Ya Fara Koɗewa a Tanki: Abin da Ke Samun Launinsa da Yadda Ake Ceto Shi

A gaɓar tekun Legas babu tuddan murjani irin na Bahar Maliya ko na Ostareliya. Ruwan daɗin da koguna ke kwararowa da lakar da suke ɗaukowa ba sa barin irin wannan gini ya tsaya, sai an gangara tsibiran Sao Tome da Annobon ake samunsa manne da duwatsu. Don haka murjanin da mutumin Legas zai yi hulɗa da shi yana cikin tankin gilashi ne, a zauren otal, a ofis, a gidajen Ikoyi da Lekki, ko a ɗakin gwaji. Duk wanda aka damƙa wa kula da irin wannan tanki, ko daga Agege yake zuwa aiki ko daga Obalende, haka ma ɗalibin kimiyyar teku a Akoka, zai gamu da matsala guda tsakanin Fabrairu da Afrilu, lokacin da zafin rana ke kai digiri 32 zuwa 33: murjanin da yake ruwan ƙasa sai ya soma yin fari.

Ba jan murjanin nan da ake yin duwatsun wuya da shi ake nufi ba. Wancan daga Bahar Rum ake ciro shi, ba ya zama da gansakuka a jikinsa, saboda haka ba ya koɗewa ta wannan hanya.

Kafin a taɓa komai a tankin, sai an san wane fari ne ake gani, domin fari iri uku ne (koɗewa, mutuwar tsoka, da sabon tsiro), kuma maganin ɗaya yana iya ƙarasa ɗayan.

Inda launin yake

Murjani dabba ne. Jikinsa siririyar tsoka ce shimfiɗe a kan farin ƙashi na alli da shi da kansa ya gina, kuma tsokar kusan garai-garai take, ana hango abin da ke bayanta. A cikin ƙwayoyin wannan tsoka akwai wata gansakuka mai ƙwaya ɗaya da masana ke kira zuzanteli, daga dangin Symbiodiniaceae. Faɗin kowace ƙwaya kusan maikuromita 10 ne, wato sai an jera ɗari kafin su cika milimita ɗaya. A lafiyayyen murjani ana samun miliyan 1 zuwa 2, wani lokaci fiye, a kowace murabba'in santimita. Zaman nasu zaman mai gida da ɗan haya ne: murjani ya ba da ɗaki da takin da ke fita daga jikinsa, gansakuka ta biya da sukari da maiƙon da take haɗawa da hasken rana, wanda a wasu nau'o'in yake ɗauke kusan kashi 90 cikin 100 na abincin mai gidan.

Sinadaran launin da gansakukar ke kama haske da su ba ɗaya ba ne, kuma kowanne da aikinsa. Kulorofil a, wato nau'in "a" na koren sinadarin ganye, shi ne a tsakiyar aikin, yana shan shuɗin haske da ja. Kulorofil c2 mataimakinsa ne. Feridinin shi ne alamar wannan dangi, yana shan haske tsakanin shuɗi da kore, wajen nanomita 470 zuwa 550, wanda shi ne hasken da ya fi ratsa ruwan teku, sannan ya miƙa wa kulorofil a. A cikin furotin ɗin da ke riƙe da su, feridinin huɗu ne ke kewaye da kowane kulorofil a guda, shi ya sa gansakukar ba kore ba ce, ruwan zuma ce mai duhu. Sai masu gadi: bita-karotin, da wasu tagwaye biyu, dayadinozantin da dayatozantin. Idan haske ya yi yawa, cikin 'yan mintoci ƙwayar kan mayar da dayadinozantin ya koma dayatozantin, shi kuwa ya zubar da rarar hasken a matsayin zafi. Da yamma, haske ya sauka, sai a koma yadda ake.

Koren nan mai ƙyalli, da ruwan hoda, da shunayya da ake sayen murjani dominsu ba na gansakuka ba ne. Furotin ne da dabbar ke yi da kanta. Ke nan abin da ido ke gani haɗin abu uku ne: farin ƙashi a ƙasa, ruwan ƙasa na gansakuka a tsakiya, launin dabbar a sama.

Abin da zafi da haske ke yi wa waɗannan sinadarai

A cikin injin haɗa abinci na gansakukar akwai wani furotin mai suna D1. Kullum haske yana lalata shi, kullum kuma ƙwayar tana sake gina shi, haka abin yake ko da lafiya ƙalau. Zafi yana rage saurin gyaran. Idan ruwa ya haura zafin da murjanin ya saba da shi da digiri 1 kawai, ya kuma daɗe a haka, sai ɓarna ta riƙa wuce gyara. Hasken bai daina shigowa ba, feridinin da kulorofil suna ta kama shi, amma babu inda za su kai shi. Tagwayen nan masu gadi su yi iya yinsu, dayatozantin ya ƙaru, har abin ya fi ƙarfinsu. Daga nan rarar ƙarfin ta faɗa kan iskar oksijin, ta haifar da gurɓatattun nau'o'inta, ciki har da haidurojin feroksaid, wanda ake wanke ciwo da shi a kemis. Waɗannan suna ƙona kulorofil da feridinin, suna yoyo zuwa cikin tsokar dabbar, ita kuwa ta kori gansakukar ko ta narkar da ita.

Akwai wani abin da ke ƙara dagula lamarin. Farin ƙashin yana mayar da haske baya. Yayin da gansakuka ke cike, tana shanye hasken kafin ya isa ƙashin. Da ta ragu, haske ya riƙa kai da komo a cikin tsokar, ƙwayoyin da suka saura su sha fiye da da. Shi ya sa koɗewa idan ta kama take sauri, kuma shi ya sa rage fitila yake da amfani ko da zafi ne ya jawo matsalar.

Asarar launin tana zuwa ta hanya biyu, kuma bambancinsu shi ne ginshiƙin aikin nan. Ko dai yawan ƙwayoyin gansakukar ya ragu, ko kuma ƙwayoyin suna nan amma sinadarin launin da ke cikin kowace ya ragu. Gwajin da Hoegh-Guldberg da Smith suka wallafa a 1989 a kan nau'o'in murjani biyu, Stylophora pistillata da Seriatopora hystrix, ya nuna cewa zafi ya fi korar ƙwayoyin, haske mai yawa kuma ya fi rage launin cikin kowace ƙwaya. A koɗewa mai tsanani duka biyun kan haɗu: murjani kan rasa kashi 60 zuwa 90 na ƙwayoyin, waɗanda suka saura kuma su rasa kashi 50 zuwa 80 na launinsu. Hanya ta biyu, wato raguwar launin cikin ƙwaya, idan ita kaɗai ce, ta fi sauƙin warkewa, don masu aikin suna nan, launi kawai za su sake ginawa.

Wani lokaci murjanin da ya koɗe ba ya yin fari, sai ya yi shuɗi ko ruwan hoda ko ruwan ɗorawa mai ɗaukar ido. Masu tanki da yawa kan yi murna, a zatonsu ya ƙara kyau. Binciken Jami'ar Southampton na 2020 ya bayyana cewa yawan hasken da ke kai da komo a tsokar ne ke sa dabbar ta ƙara yin furotin ɗin launinta don kare kanta, makonni biyu zuwa uku bayan zafi matsakaici. Alama ce cewa dabbar tana da sauran ƙarfi, amma gansakukar ta riga ta tafi.

A teku, hukumar NOAA ta Amurka tana lissafin haɗarin da digiri da makonni tare. Ana ɗaukar matsakaicin zafin watan da ya fi zafi a wurin, a tara duk rarar da ta kai digiri 1 ko fiye cikin makonni 12. Rarar digiri 2 na mako biyu ta ba da 4, rarar digiri 1 na mako huɗu ita ma 4. Daga 4 ake sa ran koɗewa, daga 8 ake sa ran mutuwa mai yawa. An yi manyan koɗewar duniya a 1998, 2010, 2014 zuwa 2017, da ta huɗu da aka sanar a Afrilun 2024. Mai tanki zai iya aron lissafin: tankin da ya saba zama a 26, ya yi mako biyu a 28, ya shiga haɗari ko da ido bai ga komai ba tukuna.

Duba da ido

A kashe shuɗiyar fitila a kunna fara, ko a yi amfani da tocila mai farin haske, domin shuɗi yana ɓoye koɗewa. A duba wurin da ya yi fari da gilashin ƙara girma. Idan akwai siririyar tsoka a kan ƙashin, 'yan bakunan murjanin suna nan kuma suna motsi ko suna buɗewa da dare, koɗewa ce, dabbar tana raye. Idan ƙashin tsirara yake, ramukansa a buɗe, ga iyaka sarai tsakanin fari da mai launi, ko tsoka tana saɓulewa tana bin ruwa, wannan mutuwar tsoka ce. A nan ba rage fitila ake yi ba, yanke reshen ake yi, kamar santimita 1 a cikin ɓangaren mai lafiya, a manna shi a wani dutse. Mataccen ƙashi kuma cikin 'yan kwanaki wata gansakukar waje kan rufe shi da kore ko ruwan ƙasa, kada a ɗauka launi ne ya dawo.

Inda farin ya fara shi ma yana magana. Idan saman da ke fuskantar fitila ne ya koɗe, ƙasan yana da duhu, haske na da hannu. Idan duk jikin ne, kuma murjanai da yawa lokaci guda, a duba zafi da gishiri. Farin da ke kan tsinin rassan Acropora (murjani mai ƙashi da rassa) kawai, ɗan milimita kaɗan, sau da yawa sabon tsiro ne da gansakuka ba ta riga ta cika ba, a bar shi.

Ido yana da mantuwa, don haka a yi amfani da katin launi na CoralWatch, wanda Jami'ar Queensland ta fito da shi a 2002. Yana da jerin launi huɗu, B, C, D da E, kowanne da mataki 1 zuwa 6, daga fari zuwa duhu. A kara katin kusa da murjanin, a rubuta lambar wurin da ya fi haske da ta wurin da ya fi duhu, ban da tsinin rassa. A riƙa yi sau ɗaya a mako, da fitila iri ɗaya, a sa'a ɗaya. Sauka da mataki biyu yana nufin an yi asarar gansakuka da kulorofil ta gaske. Hoton waya ba ya maye gurbin katin sai in katin yana cikin hoton, domin waya tana gyara launi da kanta.

Matakan ceto

Zafin da ake so a tankin murjani digiri 25 zuwa 26 ne. A sa ma'aunin zafi biyu, ɗaya mai ajiye mafi sama da mafi ƙasa, saboda ɓarnar kan faru ne da tsakar rana ko ranar Lahadi da aka kashe na'urar sanyaya ofis babu kowa.

Da an tabbatar koɗewa ce, abu na farko a rage hasken da kashi 30 zuwa 50. In fitilar ba ta da makunnin ragewa, a ɗaga ta sama, ko a shimfiɗa ragar sauro ninki biyu a kan tankin, ko a sauke murjanin zuwa ƙasa. Kada a kashe gaba ɗaya na kwanaki, sauran gansakukar tana bukatar abin da za ta rayu da shi. A watannin zafi ana iya mayar da lokacin fitila zuwa yamma da dare, don kada zafinta ya haɗu da na rana.

Sannan a sauke zafin, amma a hankali, kada ya wuce digiri 1 cikin awa ɗaya zuwa biyu. Sanyin farat ɗaya ma yana koɗar da murjani. Sanyin Janairun 2010 ya kashe murjani mai yawa a tsibiran Fulorida. Ga lissafin ƙanƙara: kilo 1 yana sauke lita 100 da kusan digiri 1. Tankin lita 400 da ke 29 ana so ya koma 26 zai ci wajen kilo 12, ban da zafin da ke ci gaba da shigowa daga ɗakin. A daskarar da ruwan a cikin gorar roba a rufe, a wanke bayanta, a sa a ƙaramin tankin tace ruwa na ƙasa ko kusa da famfo, ba a jikin murjani ba. Ƙanƙarar da ake saya a kasuwa kada a jefa ta tsirara, ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba, kuma za ta tsinka gishirin.

Fanka da ke hura saman ruwa tana taimakawa, sai dai a Legas kada a dogara da ita. Sanyin da take kawowa daga tururin da ke tashi ne, iskar garin kuwa cike take da raɓa in ba lokacin hunturu ba, don haka abin da ake samu kaɗan ne. Ruwan da ya tashi kuma ya bar gishirinsa a baya, sai a cike gurbin da tataccen ruwan daɗi, ba ruwan gishiri ba. A cire murfin gilashi. A kuma duba famfunan da ke nutse a ruwa: famfo mai wat 50 yana zuba wa tankin lita 200 zafin da ya kai kusan digiri 0.2 a kowace awa. Maganin dindindin na'urar sanyaya ruwa ce, a ajiye ta inda iska ke wucewa, ba cikin kabad ɗin tankin ba, in ba haka ba zafin da ta fitar shi za ta sake sha. Gaskiyar magana, wanda ba zai iya sayenta da ba ta wuta ba, bai kamata ya sayi Acropora a garin nan ba. Murjanai masu laushi sun fi haƙuri.

Idan aka ɗauke wuta, abin da ke fara kisa rashin motsin ruwa ne, ba duhu ba. Ruwa mai ɗumi oksijin ɗinsa kaɗan ne, kuma gudun ruwa ne ke kwashe gubar da ke fita daga tsokar. A kan inbata, famfon motsa ruwa ne na farko, sai na'urar sanyaya in batir zai ɗauka, fitila ce ta ƙarshe. A ajiye famfon iska mai batir na ko-ta-kwana.

Sai sinadaran ruwa. Gishiri kashi 35 cikin dubu, wato 1.025 zuwa 1.026 a ma'auni, alkaliniti (ƙarfin ruwa na danne tsami) 7 zuwa 9 a ma'aunin dKH, kalsiyam 400 zuwa 450, maganiziyam wajen 1,300, naitiret 2 zuwa 10, fosfet 0.03 zuwa 0.1, duka huɗun nan na ƙarshe a miligiram cikin lita. Wurin da aka fi yin kuskure fosfet ne. Mutum ya ga murjani ya yi fari, ya ce ruwa ne ya yi datti, ya zuba maganin cire fosfet har ya koma sifili. Wiedenmann da abokan aikinsa sun nuna a 2013 cewa gansakukar da ta samu naitiret da yawa amma babu fosfet, maiƙon bangon da sinadaran launinta ke zaune a kai yana canzawa, sai ta koɗe a zafi da hasken da a da take jurewa. In fosfet ya karanta sifili, a cire maganin, a ƙara wa kifi abinci.

Ruwan haɗa gishiri ya zama wanda aka tace da na'urar RO, mai cire gishiri da ma'adanai daga ruwa. Ruwan burtsatse a unguwanni da yawa na Legas yana da ƙarfe, na kusa da teku kuma da ɗan gishiri. Ɗebo ruwa daga lagun ko bakin teku ba dabara ba ce, gishirinsa yana faɗuwa da damina, ga mai da ƙazanta. Wasu abubuwan da ke koɗar da murjani ba tare da zafi ba: sabuwar fitila da aka kunna da cikakken ƙarfinta ran farko, gawayin tace ruwa da aka zuba da yawa ya wanke ruwan tas har haske ya ƙaru, da fesa maganin sauro ko fiya-fiya a ɗakin. In za a yi feshi, a rufe tankin, a kashe duk abin da ke zuƙo iskar ɗakin zuwa ruwa.

Murjanin da ya koɗe yunwa ce ke kashe shi, don haka a ciyar da shi. Binciken Grottoli na 2006 a Hawayi ya nuna murjanin Montipora capitata yana ƙara kamun ƙananan halittun ruwa bayan koɗewa, kuma hakan ya sa ya farfaɗo fiye da nau'o'in da ba sa yi. A ƙyanƙyashe ƙwan atimiya, ɗan ƙaramin jatan lande na ruwan gishiri, wanda masu ƙyanƙyasar tarwaɗa suka sani, cikin ruwan gishiri mai iska na awa 24. Bayan an kashe fitila, a tsayar da famfo na minti 10 zuwa 15, a fesa kaɗan da sirinji a kan bakunan, sau biyu ko uku a mako, ana auna naitiret. Launi kan fara dawowa ɗigo-ɗigo daga ƙasa da wuraren inuwa, cikin makonni, cikakke kuma sai watanni. Kada a mayar da fitila sai katin ya nuna hawa, sannan a ƙara kashi 5 zuwa 10 a mako. Wasu murjanai bayan sun warke sukan cika da wata gansakukar ta jinsin Durusdinium, wadda a Acropora millepora aka ga tana ƙara juriya da digiri 1 zuwa 1.5, sai dai girma yana raguwa. In an rasa murjanin za a sayi wani, a nemi takardar CITES, yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin halittun da ke cikin haɗari, domin duk murjanai masu ƙashi suna jeri na biyu na yarjejeniyar.

Aunawa a ɗakin gwaji

Katin launi ba zai faɗa ko ƙwayoyi ne suka ragu ko launin cikinsu ba. Wannan sai an ƙirga an kuma auna. Ana bukatar bindigar feshi ta iska, tataccen ruwan teku, na'urar markaɗe, na'urar juyi, gilashin ƙirga ƙwayoyin jini na Neubauer, madubin ganin ƙananan halittu, asiton, da na'urar auna shan haske.

A yanki reshe mai kamar santimita 3, a sa a leda mai kauri, a fesa har ƙashin ya yi fari fat, a cikin ɗaki mai ƙarancin haske, kwanon yana kan ƙanƙara. A markaɗa ruwan da ya taru na daƙiƙa 30 don majinar ta warware, a rubuta yawansa. Kada a niƙa ƙashin tare da tsokar: a cikinsa akwai wata koriyar gansakuka, Ostreobium, mai nata kulorofil, za ta ɓata lissafin.

Don ƙirga, a ɗebi mililita 1, a ɗiga ruwan Lugol ko fomalin, a girgiza sosai kafin kowane ɗiba domin ƙwayoyin suna saurin kwantawa. Babban murabba'i ɗaya na gilashin milimita 1 ne, zurfinsa 0.1, saboda haka matsakaicin abin da aka ƙirga sau 10,000 shi ne yawan ƙwaya a mililita. A cika gilashin aƙalla sau shida. Misali, matsakaici 40 ya ba da 400,000 a mililita. In ruwan mililita 50 ne, ƙwayoyi miliyan 20 ke nan.

Don launi, a ɗebi mililita 5, a juya a na'ura sau 3,000 zuwa 4,000 a minti na minti 5 zuwa 10, a tsiyaye ruwan saman sosai, a zuba tsantsar asiton mililita 5 a kan abin da ya kwanta, a naɗe da takardar alminiyam, a sa a firij na awa 24. A sake juyawa, a zuba a kwalbar karatu mai faɗin santimita 1, ta gilashi ba ta roba ba, don asiton yana cin roba. A karanta a nanomita 630, 663 da 750, a cire karatun 750 daga sauran biyun, shi ne gurɓin da ba launi ba. Lissafin Jeffrey da Humphrey na 1975 na tsantsar asiton shi ne: kulorofil a daidai yake da 11.43 sau karatun 663, a cire 0.64 sau karatun 630. Kulorofil c2 kuma 27.09 sau karatun 630, a cire 3.63 sau karatun 663. Amsar maikurogiram ce a mililita. Asiton mai kashi 90 yana da nasa lambobin dabam, haɗa wannan da wancan kuskure ne da ake yawan gani a rahoton ɗalibai.

A ce an karanta 0.200 a 663 da 0.060 a 630. Kulorofil a ya zama 2.25, c2 kuma 0.90. Sau mililita 5 na asiton, kulorofil a 11.2, tunda kashi ɗaya cikin goma na ruwan aka ɗiba, reshen gaba ɗaya yana da maikurogiram 112. Sai faɗin ƙashin: a busar da shi, a lulluɓe da takardar alminiyam ninki ɗaya ba tare da ta hau kanta ba, a auna nauyinta, a kwatanta da nauyin murabba'in santimita ɗaya na takardar. Ga reshe mai lanƙwasa da yawa, tsoma shi a narkakken kakin kyandir mai digiri 65 na daƙiƙa 3 ya fi, a auna ƙarin nauyi, a kwatanta da sandunan da aka san faɗinsu. In faɗin ya fito murabba'in santimita 10, to akwai ƙwaya miliyan 2 da kulorofil a maikurogiram 11.2 a kowace murabba'in santimita, kuma kowace ƙwaya tana da fikogiram 5.6.

Lambar ƙarshen nan ita ake nema, a kwatanta ta da ta reshen murjani iri ɗaya mai lafiya. Ƙwayoyi sun ragu, launin kowace bai taɓu ba: kora ce, a binciki zafi. Ƙwayoyi suna nan, launin kowace ya faɗi: haske ya yi yawa, ko abinci ya yi kaɗan. A lokacin farfaɗowa kuwa launin kowace ƙwaya yakan haura na mai lafiya kafin yawansu ya cika.

Na'urar auna shan haske ba ta raba feridinin da tagwayen nan masu gadi, sai da HPLC, na'urar da ke ware sinadarai ɗaya bayan ɗaya. Kuma tunda dayadinozantin yana juyewa cikin mintoci, samfurin da za a kai can dole a daskarar da shi cikin ruwan naitirojin nan take, a rubuta sa'ar da aka yanka da ƙarfin hasken lokacin. Inda akwai na'urar PAM, mai auna ƙyallin da kulorofil ke fitarwa, ana auna lafiyar injin haɗa abincin ba tare da yanka ba, bayan murjanin ya yi minti 20 zuwa 30 a duhu. Mai lafiya kan ba da 0.5 zuwa 0.7, kuma lambar tana soma sauka kafin katin launi ya nuna komai. A kiyaye samfurin asiton daga duk wani abu mai tsami da kuma firij ɗin da wutarsa ke yawan ɗaukewa: tsami yana cire maganiziyam daga kulorofil ya mayar da shi fiyofaitin, karatun 663 ya faɗi, a rubuta koɗewar da ba ta faru ba.